Sababi da Zarton da Ya Ƙi Karkata

Zarton tebur yana karkata har digiri 45 ta hanyar ƙarfe mai zare da ke tura haƙoran giya. Idan injin ya tsufa, garin katako da daskararren giris da tsatsa sukan cushe haƙoran, hannun juyawa ya cije. Kafinta kan cire wuta, ya sassauta makulli, ya kankare dattin, ya sa mai.

Shin tsatsar ce da kanta ta riƙe ƙarfen? Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, yana ganin haɗuwar sababi da sakamako al'ada ce da Allah ya gudanar, ba tilas ba. Ibn Rushd ya musanta, yana cewa soke sababi rushe ilimi ne. Amma Ash'arawa, masu ra'ayi irin na Gazali, ba su hana kankare tsatsa ba, domin a wurinsu al'adar tana ɗorewa, kuma a kanta sana'a take tafiya.