GARKUWAR NASABA: Waƙa da Sharhinta a kan Sunan Amarya da Shirin Aure

Da sunan Allah nake farawa, gare Shi nake neman taimako. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da ya halicci mutum daga ruwa, ya sanya masa dangi na jini da dangi na surukuta. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Allah ya ƙara yarda ga Shehunmu Ahmadu Tijjani da halifofinsa.

Bayan haka, ni bawan Allah mai neman gafara, na tsara waɗannan baitoci domin 'yan'uwa na Bariyenu da Jugu da Faraku, saboda tambaya ta yi yawa a zawiyoyi: shin mace in ta yi aure za ta ajiye sunan ubanta ta ɗauki na mijinta? Na haɗa amsar da nasiha a kan shirin biki, domin abin da aka bari a rikice kafin ɗaurin aure shi ne yake zama shari'a bayansa.

FASALI NA FARKO

1. Da sunan Ilahi nake fara waƙa,
Gwani wanda ya bai wa kowa suna.

2. Salati ga Ɗaha, ɗa ga Abdullahi,
Da alai, sahabbai, mazauna Madina.

3. Da Shehunmu Tijjani mai buɗe ƙofa,
Da Barhama Kaulaha mai riƙon amana.

4. Na Bariyenu, na Jugu, na Faraku,
Ku karkato kunne, da ku nake magana.

5. Ɗiya in ta tashi zuwa ɗakin aure,
Da sunan ubanta take zuwa ta zauna.

6. Miji ya ba da sadaki, jini bai saya ba,
Nasaba ba a cinikinta kamar gona.

7. Ku dubi Zaidu, ana ce da shi ɗan Manzo,
Da aya ta sauka, sai aka gyara suna.

8. A'isha ta Siddiƙu, Hafsa ta Umaru,
Gidan Musɗafa ne, a can muka ga sunna.

9. Safiyya, ubanta maƙiyin addini ne,
Ba a shafe shi ba don ta zam mu'umina.

Sharhi. Ka sani, ya ɗan'uwa, asalin wannan mas'ala yana cikin Suratul Ahzabi, aya ta 5, inda Allah ya yi umarni a kira kowa da sunan uban da ya haife shi. Zaidu ɗan Harisa bawa ne da Nana Hadiza ta ba Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya 'yanta shi ya ɗauke shi ɗa, har mutane suka riƙa cewa Zaidu ɗan Muhammadu. Da ayar ta sauka, sai ya koma Zaidu ɗan Harisa. To, ka yi tunani: babu sunan da ya fi na Annabi daraja a bayan ƙasa, amma ba a bar Zaidu ya jingina da shi ba. Ina ga sunan Malam wane ko Alhaji wane?

Buhari da Muslim sun ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan wanda ya danganta kansa ga wanin ubansa yana sane. Dubi kuma iyayen muminai. Nana A'isha ta rasu tana 'yar Abubakar, Nana Hafsa tana 'yar Umar. Nana Safiyya, wadda Annabi ya aura bayan Haibara a shekara ta 7 bayan hijira, ubanta Huyayyu ɗan Ahɗabu shugaba ne na Bani Nadir, ya mutu yana gaba da Musulunci, amma har yau malaman hadisi Safiyya 'yar Huyayyu suke rubutawa. Da ana canza uba saboda aure, ita ce ta fi kowa hujja.

Haka magabatanmu suka tafi. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta auri Wazirin Sakkwato Giɗaɗo ɗan Laima, amma duniya 'yar Shehu ta san ta. 'Ya'yan Shehu Ibrahim Inyass mata, irin su Sayyida Ruƙayya da Sayyida Maryamu, da sunan gidan ubansu aka san su. Mu 'yan ɗarika mun fi kowa gane wannan, domin muridi ba ya karɓar wuridi sai ya san muƙaddaminsa, da wanda ya ba muƙaddamin izini, har zuwa Shehu. Wanda ya yanke silsila ya yanke kansa. Nasaba ma silsila ce.

Fa'ida. Nasaba tana ɗauke da hukunci. Da ita mace take gadon ubanta da 'yan'uwanta, da ita ake sanin waliyyinta, da ita ake sanin wanda ya haramta ya aure ta. Aure kan mutu da saki, a yi idda a rabu. Uba kuwa ba ya sakuwa.

FASALI NA BIYU

10. A ce matar wane, wannan ba laifi,
Laifin a binne uba a bar shi ba suna.

11. Madam wane al'ada ce ta Nasara,
Su ma a dokarsu aro ne, ku tuna.

12. Takarda uku, ko wace da irin nata,
A ranar rabon gado za a sha ƙuna.

Sharhi. Kada wani ya ɗauki baitocin farko ya zama mai tsanantawa. Alƙur'ani da kansa, a Suratut Tahrimi, ya ambaci matar Annabi Nuhu da matar Annabi Luɗu da matar Fir'auna ta hanyar mazajensu, sa'an nan ya ambaci Maryamu ta hanyar ubanta Imrana. Saboda haka a ce matar Liman ko amaryar Alhaji bayani ne na gaskiya. Abin da muke hanawa shi ne a goge uba a dasa miji a gurbinsa, har jikoki su taso ba su san gidan da kakarsu ta fito ba. Macen da ofis ya rubuta mata haka ba da zaɓinta ba, ba mu ɗora mata zunubi, sai dai ta nemi gyara in da hali. Allah ne mafi sani.

Wannan al'ada baƙuwa ce. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja, suna yada zango a Jugu, sunan mutum da na ubansa da na garinsu suka sani. Maƙwabtanmu Dendawa suna da sunayen zuriya irin su Ture da Sise da Fofana, waɗanda ake gaishe da mutum da su. Iyayenmu mata kuwa ko faɗin sunan miji ba sa yi don kunya, sai su ce Malam ko maigida. Yau jikarsu ta ɗora sunan a kanta tana amsawa. Abin ya shigo ne ta makaranta da ofis tun zamanin Faransa, ya zauna bayan samun mulkin kai a 1960. Abin mamaki, a Faransa ɗin kanta akwai doka tun 1794 da ta hana mutum ɗaukar wani suna ban da na takardar haihuwarsa. Matar aure a can aron sunan miji take yi don mu'amala, na asali yana nan.

A nan Benin ma hukuma ba ta ce ki yar da ubanki ba. A watan Disamba na 2002 Kotun Tsarin Mulki ta ƙi amincewa da sashen da bai bar mace ta riƙe sunanta na haihuwa ba. Dokar iyali da ta fito a watan Agusta na 2004 ta rubuta a sashe na 12 cewa matar aure tana riƙe da sunanta, na miji ya biyo baya. An yi wa dokar gyara a 2021, sunan haihuwa bai gushe ba. To, wanda ya ce miki dole ne, ya faɗi abin da babu shi a shari'a, babu shi a doka.

Ga inda cutar take. Na ga wata dattijuwa a cikin jama'armu, takardar haihuwarta da sunan ubanta, wata takarda da sunan mijinta na fari da ya rasu, ta uku da sunan na biyu. Ta shekara tana tara kuɗin kaɗanya da na adashi, 'ya'yanta suka cika mata kujerar Makka. Da aka zo yin fasfo, sai aka ce waɗannan mata uku ne, wacece ke a ciki? Kafin a gama kai da kawowa alhazai sun tashi. Sai baɗi ta samu tafiya. Irin wannan yana faruwa a rabon gado, da karɓar kuɗin fansho, da takardar fili. Tun da aka yi rajistar jama'a ta RAVIP daga 2017 zuwa 2018, hukumar ANIP tana ba mutum lamba guda, kuma harafi ɗaya in ya saɓa sai ya tsayar da aiki. Sa'an nan mai mata uku, in kowace ta zama Madam wane, wa ake nufi?

FASALI NA UKU

13. Idan an sa rana a nemo littafi,
A rubuta komai tun da sauran kwana.

14. Waliyyi, sadaki, da shaidu adilai,
Su ne ginshiƙai, saura adon rana.

15. Lefe da gara da kayan ɗaki,
A auna da ƙarfi, bashi kan zam fitina.

16. Walima da akuya guda ta wadatar,
In an kira talaka an yi ta da ƙauna.

17. Kada biki ya cinye salla da lazimi,
Amarya da ango, ku nemi Aljanna.

Sharhi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. In Allah ya yi umarni da alƙalami a kan bashi, yaya za a shiga hidimar da ta haɗa gida biyu da dogaro da ƙwaƙwalwa kaɗai? Shawarata, ranar da aka sa rana, kowane gida ya sayi littafi guda ya damƙa wa mutum guda amintacce, da boko ko da ajami.

Shafi na 1, suna. A ɗauko takardar haihuwar amarya da ta ango, a kwafe sunan harafi da harafi. Yadda yake a nan, haka za a ba liman, haka za a sa a katin gayyata, haka za a kai ofishin magajin gari. In akwai kuskure, a fara neman gyara da watanni, domin gyaran takarda ba aikin mako ɗaya ba ne. Ku sani dokar 2004 auren da aka ɗaura gaban jami'in hukuma kaɗai take lissafawa, kuma mace ɗaya take rubuta wa namiji. Saboda haka wadda aka ɗaura nata a masallaci kawai ta ƙara riƙe takardunta da kyau, a kuma yi wa 'ya'yanta takardar haihuwa da wuri.

Shafi na 2, rukunai. Littafin Risala na Ibnu Abi Zaidin, wanda muka karanta a zaure, ya kafa aure a kan waliyyi da sadaki da shaidu biyu adilai. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Maliku rubu'in dinari ne, wato zinariya da ta ɗara giram 1 kaɗan. A rubuta waye waliyyi, nawa ne sadaki, nawa aka ba da hannu, nawa ne ajalan. Sadaki na amarya ne, Suratun Nisa'i aya ta 4 ta ba ta shi. Uban da ya sayi buhun shinkafa da shi ba da yardarta ba, ya ci haƙƙi. A nan kuma a sa ranar gwajin jini a asibiti, saboda sikila da sauran cututtuka, tun kafin a kai lefe.

Shafi na 3, kaya. Lefe a ƙirga shi gaban mata biyu daga kowane ɓangare, turmi nawa, takalmi nawa, a rubuta. Kayan ɗakin da iyayen amarya suka yi, su ma a rubuta, domin nata ne. Mun sha zaman sulhu a kan gado da kwanuka, kowa yana rantsuwa, alhali takarda guda da ta kashe maganar.

Shafi na 4, kuɗi. Abin da ke hannu a dama, abin da za a kashe a hagu, hagu kada ta fi dama. Gudunmawar biki a rubuta wanda ya kawo, tun da a al'adarmu ana ramawa. Manomi ya sa ranarsa bayan an haƙe doya, an karɓi kuɗin auduga ko na kashu. Wanda ya ci amfanin baɗi a bikin bana, amarya za ta tare da yunwa. Annabi ya umarci Abdurrahman ɗan Aufu da walima ko da akuya guda ce, kuma walimar Nana Safiyya da dabino da cuku da man shanu aka yi ta. An kuma zargi walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta.

Shafi na 5, aiki. Wa zai sayo goro, wa zai tari baƙi, wa zai nemo motar 'yan Faraku, tafiyar da ta fi kilomita 130. Aikin da aka ce na kowa ne, ba na kowa ba ne. A tsara sa lalle da ɗaurin aure da kai amarya yadda ba za su hau kan lokacin salla ba. Muridi kuwa ya sani lazimin safe da na yamma alkawari ne da ya ɗauka, biki ba ya sauke shi.

RUFEWA

18. Uba, ba ɗiyarka takardarta a hannu,
Miji, bar ta da shi, ka riƙe ta amana.

19. Ilahi ka sa albarka a aurarrakinmu,
Ka ba mu zuriya masu raya sunna.

20. Baiti ashirin ne, a nan na tsaya,
Salati ga Manzo dare har da rana.

Ina roƙon muƙaddamai su karanta wannan bayan wazifa, malamai mata su karanta shi a makarantun matan aure. Wanda ya ga daidai daga Allah ne. Allah ya gafarta mana, da iyayenmu waɗanda muke amsa sunansu, da shehunanmu, da dukan Musulmi. Amin.