Shaddar da ba tasa ba

Ranar Asabar da la'asar na bi ta Dandalin Murtala a Kaduna, filin da aka yi hawan dabar FESTAC a 1977, wanda aka gyara zamanin Gwamna Nasir El-Rufa'i. Yanzu samari da 'yan mata ne ke cika shi, kowa da waya a hannu, ana neman inda rana ta fi haska fuska. A cikinsu na hango ɗan ƙanwata, sanye da farar shadda mai aikin wuya, hula zanna ta zauna daram. Ya jingina da wata baƙar mota yana kallon gefe, abokinsa ya durƙusa yana ɗaukarsa.

Na san shaddar nan. Kwana uku kafin nan na gan ta a shagon da yake koyon ɗinki a Badarawa, allura a bakinsa, yana warware wuyan karo na biyu saboda maigidansa ya ce ya karkace. Ta wani Alhaji ce da zai karɓa ranar Litinin. Mai motar kuwa ko saninsa bai yi ba.

Da dare hoton ya hau Instagram. Babu sunan mahaifinsa, sai wani laƙabi na Turanci, a ƙasa ya rubuta KD. Washegari na yi masa magana, ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, wa zai tsaya kallon tela a kan keke? Kowa ma haka yake yi."

Ban ga laifinsa a son ado ba. Mu ma da ƙuruciya mun ari agogo mun shiga ɗakin mai hoto, mun tsaya gaban labule mai zanen benaye. Amma wancan hoton a bangon ɗaki yake ƙarewa, masu ganinsa sun san gidanku, sun san mai agogon. Na yau a hannun baƙi yake faɗawa, kuma gobe sai an kawo wanda ya fi shi. Wani yaro a Kawo ko Unguwan Shanu zai gani ya ɗauka shi kaɗai aka bari a baya, shi ma ya tafi neman aro.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a duk hoton abu ɗaya ne nasa na gaskiya, wato ɗinkin, kuma shi ya ɓoye. Alhali a garin nan Panteka take, inda masu ƙira da walda suka gina gidaje suka aurar da 'ya'ya da guminsu.

Ranar Litinin da safe na same shi yana goge shaddar a hankali, yana duba wuyan ko zufa ta taɓa. Wayarsa na kan teburin yanka. A ƙarƙashin hoton wani ya tambaya, "Don Allah wane tela ne ya ɗinka maka?" Kwana biyu ke nan tambayar na nan, bai amsa ba.