Zuba Jari ko Caca?

'Yan'uwa, wanda ya sayi injin niƙa a Sabon Gari ya san inda ribarsa take fitowa: daga hatsin da yake niƙa wa jama'a. Haka ma mai sayen hannun jarin kamfanin da ya binciki aikinsa. Amma kafin 2008, mutane da yawa a Nijeriya sun ci bashin banki sun sayi hannun jari don kawai farashinsa yana hawa. Kasuwar ta faɗi a shekarar, bashi ya tsaya a wuyansu. Katikizim na Ikilisiyar Katolika, lamba 2413, yana koyar da cewa caca takan zama laifi idan ta hana mutum biyan bukatunsa da na waɗansu. Saboda haka, kafin mu saya, mu tambayi kanmu: wane aiki zai haifi ribar nan? In babu amsa, caca muke yi.