Koma Ka Sake Dubawa

Karatu: 1 Sarakuna 18:41-46, Yakubu 5:17-18



A ƙasar Maradi da Damagaram, idan damina ta yi jinkiri, manomi yakan ɗauki irin gero ya tafi gona ya yi binne. Ƙasa a bushe take, sama babu ko alamar hadari, amma yana zuba hatsin da ya hana 'ya'yansa ci a cikin rami, yana rufewa da ƙafa. Ba shi da ikon saukar da ko ɗigo ɗaya, ya dai san Mai ba da ruwa. Haka addu'ar mai bi take.

A zamanin sarki Ahab an yi shekara 3 da wata 6 ba a yi ruwa a Isra'ila ba. Allah ya riga ya yi wa annabi Iliya alkawari zai aiko da ruwa, duk da haka Iliya bai naɗe hannu ya zauna ba. Ya hau ƙwanƙolin Dutsen Karmel, ya sunkuya ƙasa, ya sa fuskarsa tsakanin gwiwoyinsa. Ya aiki baransa ya duba wajen teku, baran ya dawo ya ce babu kome. Iliya ya ci gaba da mai da shi. Sai a karo na bakwai ya hango ɗan girgije kamar tafin hannun mutum, jim kaɗan sama ta yi baƙi ƙirin.

Yakubu ya tuna mana cewa Iliya ɗan adam ne kamarmu. Abin da ya yi kai ma kana iya yi. Wataƙila ka daɗe kana roƙo domin ɗanka da ya tafi ci-rani, shiru babu labari. Wataƙila ciwo ne ya ƙi barin gidanka, ko rumbu ya ƙare tun kafin shuka. Ka duba sau biyar, sau shida, babu kome, zuciyarka tana ce maka ka tashi haka nan. Ɗan'uwa, da Iliya ya tashi a karo na shida fa?

Ba zan ruɗe ka ba, akwai lokacin da amsa ba ta zuwa yadda muka roƙa. A yunwar 2005 a Nijar, bayan fari da fara na 2004, iyaye masu addu'a sun binne 'ya'ya. Ubangiji Yesu kansa ya roƙa sau uku a Gatsemani a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ba a ɗauke ba, amma Luka ya gaya mana mala'ika ya zo daga sama ya ƙarfafa shi. Wanda ya durƙusa gaban Uba ba ya tashi hannu wofi: ko a ɗauke masa kayan, ko a ba shi ƙarfin ɗauka.

Yau ka tuna da roƙo ɗaya da ka gaji ka ajiye. Ka koma kansa kafin ka kwanta.

Addu'a: Ya Uba, ka gafarta mini saurin fid da zuciya. Ka koya mini naciya a gabanka, nufinka kuma ya zama nawa. Cikin sunan Yesu, Amin.