Allon Ƙulli da Tambayar Inda Gwaninta Take

Igiyar da ake kira farakod igiya ce ta nailan wadda sojojin Amurka suka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Biyu wajen haɗa sojan laima da laimarsa, kuma nau'inta da ya fi yaɗuwa, wanda ake yi wa laƙabi da 550, an ƙera shi ne domin ya jure nauyin da bai gaza fam 550 ba, wato kusan kilo 250, kafin ya tsinke. Ƙirarta saƙaƙƙiyar riga ce da ta lulluɓe siraran zarurruka, galibi guda bakwai, kuma amfaninta ya wuce fagen fama tun da daɗewa, har 'yan sama jannati suka yi gyara da ita a jikin madubin hangen taurari na Hubble a shekarar 1997. A yau an fi ganinta a hannun masu saƙa abin hannu da maƙalin makulli da sauran kayan ado, waɗanda da yawansu ke aiki da allon ƙulli, wato katako mai turaku ko maƙalai biyu da ake iya matsowa ko nesantawa, wanda ke riƙe igiyar a miƙe bisa tsawon da aka auna, yayin da hannaye biyu suka duƙufa ga ƙullin kansa. Wannan ɗan katako ya tayar da tsohuwar tambaya ta falsafar sana'a: idan kayan aiki ya ɗauke wa hannu wani ɓangare na wahalarsa, shin ya rage darajar aikin da ta mai yinsa?

Masu amsawa da e suna da hujja mai ƙarfi. David Pye, wanda ya koyar da ƙirar kayan ɗaki a birnin Landan, ya rarrabe a littafinsa na 1968 tsakanin aikin da ke tattare da kasada, inda kyan abin ya dogara kowane lokaci ga hankali da nutsuwar mai yi har kuskure ɗaya ya iya ɓata shi, da aikin da sakamakonsa tabbatacce ne tun kafin a soma, kamar bugun injin ɗab'i. Bisa wannan rabe-rabe, duk wani abin da ke kafe ma'auni yana tura aiki daga rukunin farko zuwa na biyu, kuma babu shakka allon ƙulli yana yin haka ta fuskar tsawo, domin wanda ya saita shi a kan inci takwas ba zai wayi gari da abin hannu mai inci shida ba. Sai dai Pye kansa ya lura cewa yawancin sana'o'i gauraye ne na rukunan biyu, don haka abin da ya kamata a bincika shi ne wace kasada ce allon ya kawar, wace ce kuma ya bari.

Abin da ya kawar shi ne riƙo da awo. Abin da ya bari kuwa ya fi yawa, kuma ana ganinsa ko a saƙa mafi sauƙi, wadda masu sana'ar ke kira kobra, wato gamsheƙa, inda ake maimaita ƙulli ɗaya ana sauya gefe daga dama zuwa hagu. Wanda ya manta ya sauya gefen zai ga saƙar ta fara murɗewa, wanda ya ja wani ƙulli da ƙarfi ya sassauta na gaba zai sami gefuna masu tudu da kwari, wanda kuma bai kiyaye ƙiyasin nan na kusan ƙafa ɗaya ta igiya ga kowane inci na saƙa ba, zai ƙare igiyarsa aiki bai kammala ba. Katako ba ya jin ƙarfin ja, yatsu ne ke jinsa, kuma ba sa koyonsa sai da maimaici. A nan ra'ayin Ibn Khaldun a cikin Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, ya fi haskaka lamarin, domin ya ɗauki sana'a a matsayin malaka, wato ɗabi'a mai kafuwa da ke zama a jikin mutum saboda yawan maimaita aiki a gaban gwani. Malaka ba ta ƙaura zuwa cikin katako don an kafa masa turaku, kuma shi ya sa mutum biyu za su yi aiki da allo ɗaya da igiya ɗaya, a ga bambancin hannunsu daga nesa.

Akwai kuma wata iyaka da ta fi ta allon zurfi, wadda masu kukan cewa kayan aiki na tauye 'yancin mai fasaha ba su cika lura da ita ba. Ƙullin da ake kira kan Baturke, saboda kamarsa da naɗin rawani, ana iya ɗaura shi a kan sanda mai ƙusoshi a gefe biyu, kuma ana siffanta shi da lambobi biyu: adadin layukan da ke ratsa juna a faɗinsa, da adadin lanƙwasar da ke bakinsa. Ƙa'idar da Clifford Ashley ya bayyana a kundinsa na ƙulle-ƙulle na 1944, mai ɗauke da bayanai kusan 3,900, ita ce igiya ɗaya ba za ta iya kammala ƙullin ba sai idan babu wata lamba da ke raba lambobin biyu in ban da ɗaya. Layuka 3 da lanƙwasa 5 suna yiwuwa, amma layuka 4 da lanƙwasa 6 ba sa yiwuwa, domin igiyar za ta koma mafarinta tun rabin ƙusoshin na nan babu kowa a kansu, sai an kawo igiya ta biyu. Ba kafinta ne ya kafa wannan doka ba, kuma cire ƙusoshin ba ya ɗage ta, abin da sandar ta yi kawai shi ne fito da ita fili yadda ido zai gani. Ke nan 'yancin mai ƙulli tun asali zaɓi ne a cikin abin da lissafi ya halatta, kuma wanda ya san iyakar ya fi wanda bai san ta ba yawan abin zaɓa. Masu ɗinkin babbar riga a ƙasar Hausa sun daɗe da sanin haka a aikace, domin mai zane ne ke fara shata dagi da aska a jikin yadi kafin mai allura ya bi, kuma ba a taɓa cewa bin zanen ya hana a gane gwanin ɗinki daga ɗan koyo ba.

Ta fuskar addini kuwa, abin da malaman Musulunci ke nema ga mai sana'a shi ne itƙani, wato kyautata aiki da cika shi yadda ya kamata, kuma wahalar da ba ta ƙara wa aiki inganci ba ta zama abin yabo don kawai wahala ce. (Ƙullin da shari'a ta yi gargaɗi a kansa, wanda Suratul Falaƙ ta ambata, shi ne na masu sihiri da ke tofi a cikinsa, kuma ba shi da dangantaka da ƙullin ado.) Inda alhaki yake a wannan sana'a wani wuri ne dabam. Ana tallata abin hannun farakod da cewa mai shi zai iya warware shi ya sami igiyar da zai dogara da ita a lokacin larura, alhali akwai igiyoyi a kasuwa masu kama da ta 550 a ido waɗanda cikinsu bai kai nata ƙarfi ba, kuma saƙa tana ɓoye wannan aibi sarai. Mai sana'ar da ya yi aiki da allo ya fitar da saƙa madaidaiciya daga igiya ta gaskiya ya cika haƙƙin sana'arsa, wanda kuwa ya saƙa da hannu zalla amma ya sayar da igiyar bogi da sunan ta ƙwarai ya yi algus, komai kyan ƙullinsa.