Ƙanƙanin Giya Ma Dafi Ne

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Manomin rake a Likoro, ko Makarfi, ko Ikara, ya san ruwan rake halal ne, da shi ake dafa mazarƙwaila. Amma in aka bar shi ya kwana biyu cikin zafi, sai ya yi tsami, ya soma kumfa, zaƙinsa ya rikiɗe ya zama barasa. To, barasar ma in ta shiga ciki rikiɗa take yi, ta koma abin da ya fi ta sharri.

Masana ilmin jiki sun tabbatar cewa hanta takan mai da barasa wani dafi da suke kira asetaldihaid, sannan ta yi ta fama ta karya shi. In aka yi mata yawa, dafin ya taru cikin jini. Yana cikin abubuwan da ke jawo wa mashayi ciwon kai da tashin zuciya da wayewar gari. Mafi muni, yakan ɓata ƙwayoyin halittar jiki, har ciwon daji ya samu ƙofa a baki ko maƙogwaro. A 2009 hukumar binciken ciwon daji ta duniya, mai mazauni a Faransa, ta sa shi a sahun farko na masu haddasa wannan ciwo. A 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani gwargwado na giya da za a ce ba ya cutarwa.

Sau da yawa saurayi kan ce ai kurɓi ɗaya ba ya bugarwa. Sai dai hanta ba ta jiran maye; daga kurɓin farko take fara haɗa dafin. Tun da daɗewa hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya toshe wannan kafa, inda Manzon Allah (S.A.W.) ya haramta ƙanƙanin duk abin da mai yawansa ke sa maye. Suratul Ma'ida, aya ta 90, nisantarta ɗungum ta umurta.

Jiki amana ne. Wanda ya jarabtu ya tuba, ya je asibiti a duba shi. Iyaye kuwa su jawo shi jiki da nasiha, kada su kore shi, domin ƙofar tuba a buɗe take.

Allah Ya kiyashe da zuriyar Musulmi, amin.