Hoton Talaka Na Wane Ne?

Yanzu kusan kowane matashi a unguwar nan mai hoto ne, tunda waya tana aljihu. Wasu ma sun sayi kyamara, sana'a ta kama, suna ɗaukar biki da suna daga Kubwa har Nyanya. Wannan abin farin ciki ne. Abin da ke damuna shi ne wani salo da ya shigo: a ga almajiri yana barci a gindin gada, ko mai ruwa yana tura kura cikin rana, a ɗauke shi ba sallama, a mai da hoton baƙi da fari, a ɗora a Instagram, jama'a su yi ta yabon fasaha. To, shi mai ruwan fa? Hoton nan na wane ne?

Idan ta doka za a bi, haƙƙin mallakar hoto yawanci na wanda ya ɗauka ne. Amma doka daban, mutunci daban. Gumin da ke goshin mai ruwa, wanda shi ya sa hoton ya yi kyau, nasa ne. Watakila ma a ƙauyensu ya ce musu gadi yake yi a Maitama, ga shi ka tona masa asiri a gaban duniya, kai kana karɓar yabo.

Wani zai ce: in ba a ɗauka ba, wa zai sani? Maganar tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Waɗanda suka ga rushe-rushen da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007, lokacin Malam Nasiru El-Rufa'i yana minista, sun san unguwanni nawa suka tafi. Yau in yaro ya tambayi ubansa inda aka haife shi, sai a nuna masa titi ko katangar wani. Wanda ya ɗauki hoton layinsu kafin katafila ta iso ya yi wa zuri'a aiki, kuma ba ya da lokacin bin gida-gida neman izini.

Sai dai ko hoton da ya yi amfani bai cika barin mai shi ya sha ruwa ba. A 1993 Kevin Carter, ɗan Afirka ta Kudu, ya ɗauki hoton wani yaro da yunwa ta durƙusar a kudancin Sudan, ga ungulu tsaye a bayansa. Hoton ya girgiza duniya, ya jawo masa lambar Pulitzer a 1994. Amma mutane suka yi ta tambaya: kai me ka yi wa yaron? Watanni kaɗan bayan lambar, Carter ya kashe kansa.

A nan ne nake ganin masu zane sun fi mu tarbiyya, ba don sun fi mu kirki ba, aikin ne ya tilasta musu. Mai fensir da takarda ba ya iya satar fuska. Dole ya ce, "Baba, don Allah zauna in zana ka." Za a yi rabin awa ko fiye, a gaisa, a tambayi gari, tsohon ya leƙa takarda ya ce hancin nan ai ba nasa ba ne. Kafin a tashi an san juna. Kyamara ta ɗauke mana wannan zaman, shi ya sa ya rage namu mu dawo da shi da gangan. Dubi Fati Abubakar, 'yar Maiduguri, da aikinta na Bits of Borno: a lokacin da duniya ba ta ganin komai daga garin sai bam, ita ta riƙa nuna 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu kwalliyar Sallah, tana haɗa hoto da abin da mutumin ya faɗa da bakinsa.

Inda abin ya fi muni shi ne rabon abinci da azumi. A miƙa wa mutum leda da hannun dama, waya na hannun hagu. Mai yunwa ba zai ce a'a ba, don haka shirunsa ba izini ba ne, tilas ce. Haka almajiri ɗan shekara bakwai da ka ba naira ɗari ya yi maka murmushi. Iyayensa suna Katsina ko Maraɗi, ba su san kana yi ba. In har sai ka ɗauke shi, malaminsa yana nan a zaure, je ka yi sallama ka faɗa masa inda hoton zai je.